Tazara, Hamza da Alamar Zance: Ƙa'idojin Rubutun Hausa a Cikin Umarnin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya koyar da ƙa'idojin rubutun Hausa ya san wurare biyu da suka fi ba ɗalibai wahala. Na farko shi ne inda za a raba kalma ko a haɗa ta. Na biyu kuwa shi ne inda za a sa waƙafin sama, wato alamar da ke wakiltar hamza a kalmomi irin su sa'a da ma'ana, wadda kuma ita ce rabin baƙin 'y. Waɗannan wurare biyu su ne suke rikita kwamfuta idan aka sa sunan Hausa a cikin rubutaccen umarni, domin tazara da waƙafin sama suna da wani aiki na daban a wurin na'ura, wanda aka ɗora musu ba tare da la'akari da harsuna irin Hausa ba.

Wannan maƙala za ta bayyana yadda wannan karo yake aukuwa. Za a ɗauko misalai daga ƙananan umarnin da ake rubutawa domin gyara fuskar kwamfuta, kamar sauya hoton bango da jera fayiloli da raɗa wa manhaja suna, saboda a wannan fage ne mai kwamfuta ya fi sa sunayen harshensa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, ana iya kiyaye ƙa'idar rubutu gaba ɗayanta a cikin umarni, muddin mai rubutawa ya san yadda na'ura take karatu.

1.1 Kalmomin Aiki

Jeren haruffa shi ne duk wani rubutu da na'ura za ta riƙe a matsayin abu guda, kamar sunan fayil ko sunan mutum. Tafinta ita ce manhajar da ke karɓar umarnin da aka rubuta, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, sannan ta miƙa wa manhajar da za ta aiwatar. Mazubi suna ne da ake ajiye jeren haruffa a ƙarƙashinsa domin a kira shi daga baya. Alamar zance kuwa iri biyu ce: tilo (') da tagwai (").

2.0 Tazara da Waƙafin Sama a Rubutun Hausa

Rubutun boko na Hausa ya daɗe yana ɗora wa ƙananan alamomi babban nauyi. Hanns Vischer ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Marubutan farko sun riƙa bambanta b da d da k daga takwarorinsu ta hanyar ɗigo a ƙarƙashin harafi ko waƙafi a gefensa, har zuwa shekarun 1930 da aka rungumi ɓ da ɗ da ƙ masu ƙugiya, a zamanin da R. M. East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. Daga baya Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966, da na Kano na 1972, da na Yamai na 1980, duk sun yi aiki a kan daidaita ƙa'idojin. Baƙaƙe uku sun sami ƙugiya sun huta, amma hamza da 'y sun ci gaba da dogara ga waƙafin sama a Nijeriya. A Jamhuriyar Nijar ana rubuta 'y da ƙugiya, wato ƴ, sai dai hamza tana nan da waƙafinta a can ma.

Muhimmancin tazara ya fito fili a waɗannan misalai:

(1) a. ita ce / itace
b. a kan / akan
c. ba ya / baya
d. su ma / suma

Muhimmancin waƙafin sama kuma ga shi:

(2) a. 'ya'ya / yaya
b. ma'ana / mana
c. al'adu / aladu
d. ba'a / ba a

Misalai na (2) sun nuna cewa waƙafin sama a Hausa baƙi ne cikakke, ko kuma ɓangaren baƙi, kuma cire shi daidai yake da cire k daga kare. Misali na (2d) ya haɗa matsalolin biyu wuri ɗaya, domin wuri guda ne hamza ta cike a kalmar farko, tazara ta cike a ta biyu.

Wanda ya leƙa shagunan buga takardu da ke Durumi da Garki a Abuja, inda Hausawa mazauna birnin suke buga katin ɗaurin aure da takardun ƙungiya, zai ga foldoji masu sunaye irin Yanuwa da Jamia da Sallar_Jumaa. Masu aikin sun lura cewa suna mai waƙafi ko tazara yakan jawo cikas, sai suka zaɓi su rage wa kalmar gaɓa domin a zauna lafiya. Sannu a hankali irin wannan rubutu yakan fito daga sunan fayil ya hau kan katin kansa.

3.0 Yadda Tafinta Take Karatu

Tushen matsalar yana cikin tsarin ASCII, wanda aka fitar a Amurka a 1963, mai gurabe 128 kacal. Tsarin ya gaji keken rubutu wajen ba da alama ɗaya miƙaƙƙiya, mai lamba 39, wadda ke aikin waƙafin sama da buɗe zance da rufe shi. Tazara tana da lamba 32, alamar zance tagwai kuma 34. Tafintar da Stephen Bourne ya rubuta, wadda ta fito tare da Unix a 1979, ta ɗauki tazara a matsayin wuƙar yanka umarni, ta ɗauki alamomin zance biyu a matsayin shinge. Bash, wadda Brian Fox ya fitar a 1989, kuma ita ce aka fi samu a kwamfutocin Linux, ta bi wannan tsari sau da ƙafa.

3.1 Tazara

A ɗauka mutum yana da hoto mai suna Hoton Dutsen Zuma.jpg, yana so ya kwafe shi zuwa foldar hotunan bango. Sai ya rubuta:

(3) cp Hoton Dutsen Zuma.jpg bango/

Tafinta za ta yanka wannan layi gida biyar. Manhajar cp ba za ta taɓa ganin cikakken sunan ba, abin da za a miƙa mata shi ne sunaye uku: Hoton, da Dutsen, da Zuma.jpg. Idan babu fayiloli masu waɗannan sunaye, sai ta yi ƙorafi ta tsaya. Amma idan umarnin na sharewa ne, wato rm, kuma akwai wani hoto daban mai suna Zuma.jpg a wurin, to shi za a share, a bar wanda aka yi nufi.

Wannan haɗari bai tsaya ga 'yan koyo ba. A watan Nuwamba na 2001 kamfanin Apple ya janye manhajar girka iTunes 2, bayan an gano cewa wani layin sharewa a cikinta bai killace sunan faifai da alamar zance ba, lamarin da ya jawo wa wasu masu faifai mai tazara a sunansa asarar bayanansu. Haka kuma a 2011, tazara ɗaya da ta shiga tsakiyar adireshin folda a umarnin girka manhajar Bumblebee ta Linux ta sa aka share wa mutane foldar /usr baki ɗaya, wadda a cikinta yawancin manhajojin na'ura suke zaune.

3.2 Waƙafin Sama

Abin da ke faruwa da waƙafin sama ya danganta ga adadinsa a cikin layi. Idan guda ɗaya ne, kamar a nan:

(4) cp Juma'a.jpg bango/

tafinta za ta ɗauka an buɗe zance ne bayan Juma, ta yi ta jiran a rufe shi. Idan a rubutaccen umarni ne, za ta ci gaba da haɗiye layukan da ke biye har ta ci karo da wani waƙafin, ko ta kai ƙarshen fayil ta ba da sanarwar kuskure. Wannan ya zo da sauƙi, tun da mai aiki yakan san cewa wani abu ya lalace.

Idan kuwa waƙafan biyu ne, sai na'ura ta yi ɓarna shiru:

(5) mkdir 'ya'ya
(6) mkdir Ma'aikatar Al'adu

A misali na (5) tafinta ta ga zance da aka buɗe aka rufe a kan ya, sai ta tuɓe alamomin ta liƙa abin da ya saura, ta ƙirƙiri folda mai suna yaya. A misali na (6) waƙafin farko ya buɗe shinge, na biyu ya rufe, tazarar da ke tsakani ta tsira saboda tana cikin shingen, amma waƙafan sun tafi. Foldar da za a samu sunanta Maaikatar Aladu. Babu wata sanarwa da za ta fito, domin a wurin na'ura babu kuskuren da aka yi.

3.3 Mazubi

Umarnin sauya hoton bango yakan ajiye sunan hoto a mazubi, sannan ya kira shi. A nan akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. Idan Bash ta zazzage abin da ke cikin mazubi, ba ta ƙara ɗaukar waƙafin da ke ciki a matsayin alamar zance, amma tana yanka abin a kan kowace tazara, sai fa idan an killace mazubin kansa:

(7) a. rm $hoto
b. rm "$hoto"

Idan mazubin yana ɗauke da Masallacin Juma'a na Durumi.jpg, to (7a) zai nemi fayiloli huɗu, (7b) kuwa zai nemi ɗaya. Waƙafin yana komawa ya zama barazana ne idan aka sa wata tafinta ta sake karanta layin karo na biyu, kamar yadda ake yi da umarnin eval, ko idan aka aika umarni zuwa wata kwamfuta ta hanyar ssh.

4.0 Hanyoyin Killacewa

Akwai hanyoyi uku na shigar da sunan da ke misali na (6) lami lafiya:

(8) a. mkdir "Ma'aikatar Al'adu"
b. mkdir Ma\'aikatar\ Al\'adu
c. mkdir 'Ma'\''aikatar Al'\''adu'

Hanya ta (8a) ita ce ta fi dacewa da Hausa. A cikin alamar zance tagwai, waƙafi da tazara duk suna zama haruffa kamar sauran. Abin lura kawai shi ne, alamar dala ($) da sanda mai jingina baya (\) da waƙafi mai kwantawa baya (`) suna riƙe ikonsu ko a cikin wannan shinge. Hanya ta (8b) tana sa sanda gaban kowace alama mai haɗari domin ta kashe ikonta, ita ce kuma Bash take bi da kanta idan aka sa ta ta ƙarasa sunan fayil. Hanya ta (8c) ta nuna dalilin da ya sa alamar zance tilo ba ta yi wa Hausa daɗi: babu yadda za a sa waƙafi a cikinta, dole sai an rufe shingen, an kawo waƙafi da sandarsa, sannan a sake buɗewa. Littattafan koyon umarni sukan ce alamar tilo ta fi aminci saboda ba ta barin komai ya yi aiki a cikinta. Wannan shawara ta dace da harsunan da waƙafi bai yawaita a sunayensu ba, amma ga mai rubuta Hausa tagwai ce madogara.

5.0 Sauran Muhallai

Kowace tafinta da irin al'adarta, saboda haka abin da ya yi magani a wuri ɗaya yana iya zama cuta a wani.

A zamanin MS-DOS sunan fayil bai wuce haruffa takwas ba, da ƙarin uku bayan aya. Windows 95 kuwa ta karɓi dogayen sunaye masu kai haruffa 255, tare da tazara a cikinsu. Tsohuwar tafintar Windows, wato cmd, ba ta ɗaukar alamar tilo a matsayin shinge, don haka Juma'a.jpg ba ya damun ta, tazara ce kawai take buƙatar tagwai. PowerShell, wadda Microsoft ya fitar a 2006, tana ɗaukar duka biyu a matsayin shinge, kuma hanyarta ta sa waƙafi cikin alamar tilo ita ce a ninka shi: 'Juma''a.jpg'. Irin wannan ninki ne harshen SQL na rumbun bayanai yake buƙata, shi ya sa fom ɗin intanet da ba a gina da kyau ba yakan ƙi karɓar sunaye irin Sa'adatu da Mu'azu da Rabi'u, kamar yadda yake ƙin O'Brien na mutanen Ailan.

A fuskar GNOME ta Linux, ana sauya hoton bango da umarnin gsettings, wanda ke karɓar adireshin hoto a sigar adireshin intanet. A wannan siga ana rubuta tazara da %20, ana iya rubuta waƙafi da %27, ƙ kuma ta zama %C6%99. Fayilolin .desktop, waɗanda ke raɗa wa manhaja suna a fuskar kwamfuta, suna da layi biyu masu doka daban-daban. A layin Name[ha]= ana rubuta sunan Hausa yadda yake, da waƙafinsa da tazararsa, ba tare da shinge ba. A layin Exec= kuwa dole a killace duk jeren da ke da tazara ko waƙafi da alamar tagwai, kuma sanda ɗaya a cikin shingen sai an rubuta ta sau huɗu, saboda layin yana ratsa matakin karatu biyu, kowane mataki yana cinye rabi. Rainmeter, manhajar ƙawata fuskar Windows, ta tanadi alamar tagwai uku a jere (""") domin killace jeren da shi kansa yake ɗauke da alamar zance.

Ƙa'idar da ta haɗa waɗannan duka ita ce: kafin a killace suna, a ƙirga tafintoci nawa zai ratsa kafin ya isa inda za shi, domin kowace tana tuɓe masa riga ɗaya.

6.0 Alama Ɗaya, Siffa Huɗu

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya ba kowane baƙin Hausa gurbinsa: ɓ tana U+0253, ɗ tana U+0257, ƙ tana U+0199, ƴ kuma tana U+01B4. Sai dai ya bar waƙafin sama da siffofi da dama masu kama da juna:

(9) a. U+0027 ( ' ) miƙaƙƙe, wanda ke kan allon madannai
b. U+2018 ( ‘ ) alamar buɗe zance
c. U+2019 ( ’ ) alamar rufe zance
d. U+02BC ( ʼ ) harafi

Manhajojin buga takardu irin Microsoft Word sukan sauya (9a) da kansu: idan ya zo a farkon kalma su mai da shi (9b), idan a tsakiya ne su mai da shi (9c). Ta haka ne 'ya'ya take fitowa da waƙafi biyu masu kallon juna, kamar ana nufin zancen wani ne. Sakamakon haka, kalma ɗaya tana iya samun siffofi da yawa a cikin tarin matani, har ga ta Nijar, ƴaƴa. Mai binciken da ya nemi siffa ɗaya ba lalle ne ya sami sauran ba. Manhajar ƙirga kalmomi kuma takan yar da alamar rubutu da ta zo a farkon kalma, sai 'ya ta narke cikin ya, wakilin suna, ƙididdigar ta gurɓace ba tare da an sani ba. Wannan asara ce kai tsaye ga mai haɗa ƙamus da mai nazarin salo.

Wani zai ce a riƙa amfani da (9c), tun da Bash ba ta ɗaukar sa a matsayin shinge. Amma PowerShell tana ɗaukar (9b) da (9c) daidai da (9a). Siffa ta (9d) ce kaɗai Unicode ya lissafa a sahun haruffa, kuma ya tanade ta ne musamman domin harsunan da ke rubuta hamza da waƙafi. Babu ɗaya daga cikin tafintocin da aka ambata da ke ɗaukar ta a matsayin alamar zance. Wasu harsuna sun riga sun bi irin wannan hanya: harshen Hawayi yana rubuta hamzarsa da U+02BB, wanda shi ma harafi ne a lissafin Unicode.

Wannan mafita tana da nata cikas. Allon madannai na Ingilishi, wanda shi ne a hannun yawancin mutane, ba shi da (9d). Ido ba ya bambanta shi da (9c). Wasu fom-fom ba sa karɓar abin da ya fita daga ASCII. Kuma tarin rubutun da aka riga aka yi yana ɗauke da sauran siffofin, ba zai sauya da kansa ba. Saboda haka rungumar (9d) ba za ta ɗauke wa kowa wajibcin killace suna ba, musamman da yake ba ta taɓa matsalar tazara ba ko kaɗan.

7.0 Shawarwari

Bisa abin da ya gabata, ana ba da waɗannan shawarwari:

(a) Mai rubuta umarni ya killace kowane sunan Hausa da kowane mazubi da alamar zance tagwai, ko da sunan da ke gabansa a yau ba shi da tazara, domin na gobe yana iya zuwa da ita.

(b) A gwada kowane sabon umarni da sunaye uku kafin a sake shi: mai tazara, da mai waƙafi ɗaya, da mai waƙafi biyu. Masallacin Juma'a da 'ya'ya da Ma'aikatar Al'adu sun wadatar. Kafin a aiwatar da umarnin sharewa, a fara sa echo a gabansa domin a ga abin da tafinta ta fahimta.

(c) Masu tara matanin Hausa domin bincike su daidaita duk waƙafin hamza da na 'y zuwa siffa ɗaya kafin su fara ƙirga, su kuma bayyana siffar da suka zaɓa.

(d) Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i, da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, su zauna da takwarorinsu na Nijar su ayyana lambar Unicode da ta dace da hamza da 'y, sannan a nemi masu ƙera allon madannai na Hausa su bi ta.

(e) A shigar da wannan batu cikin darasin ƙa'idojin rubutu, tun da ɗalibin yau a waya da kwamfuta yake yawancin rubutunsa.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa tazara da waƙafin sama suna bauta wa iyayen giji biyu: a Hausa suna bambanta ma'ana, a wurin tafinta kuma suna yanka umarni ko su killace shi. An ga cewa waƙafi ɗaya yana tsayar da aiki, biyu kuma suna sauya kalma ba tare da gargaɗi ba, tazara kuwa tana iya kai umarnin sharewa inda ba a aike shi ba. An kuma ga cewa alamar zance tagwai tana warware mafi yawan matsalar a matakin mai rubuta umarni, yayin da zaɓen U+02BC zai rage ta a matakin ƙa'ida. Tarurrukan Bamako da Kano da Yamai sun tsara yadda hamza za ta bayyana a kan takarda, a lokacin da keken rubutu da injin ɗab'i ne abokan aiki. Abin da ya rage wa masana harshe na wannan zamani shi ne su faɗi lambar da za ta ɗauka a cikin na'ura. Matsalar kuma ba ta Hausa ce kaɗai ba, domin Fulfulde ma tana rubuta hamza da waƙafi, saboda haka duk matsayar da aka cim ma za ta amfani fiye da harshe ɗaya.